Gurbin Yara a Kartin Hatsi

Mijina ya rasu shekara shida ke nan, kuma har yau idan na zo wucewa ta gaban teburinsa sai ƙafata ta rage sauri. Ba na ɓoye kukana. Na yi shi a gaban ƴaƴana, na yi shi a majami'a, ga shi yanzu ma ina yi ina faɗa wa ƴata tana rubutawa, don ni ban shiga lakkwal ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Ta ce in ba da labarin aurenmu, ko na jinyarsa. Na ce a'a. Wanda nake so a rubuta shi ne na aikin da muka yi tare, ni da shi, sau ɗaya tak a duk zamanmu. Sauran shekarun shi yana da allonsa da littattafansa, ni ina da murhuna.

Shekarar ce da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki kafin zafi ya kankama. Ba shi ne fari na farko da na gani ba, ba kuma su ne sojojin farko ba, saboda haka ban firgita ba. Abin da na lura da shi kawai, mata sun fara shigowa Yamai daga ƙauyukan arewa, da ƙullin kaya a kai, babu maza. Mazan sun tafi nema. Matan suka zauna a kangayen da masu su ba su gama ginawa ba. Akwai ɗaya irin wannan a bayan gidanmu a Bukoki, bulo ne tsirara, ba rufi sai buhunan da suka ɗinka.

Majami'armu ta tara hatsi daga hannun ƴan'uwa na kusa da na nesa, aka kafa komite don rabo. Ba a tambayar addinin kowa. Kowane gida za a ba shi karti, a zo da shi Asabar ɗin ƙarshen wata: manya a auna musu hatsi da tiya, ƙananan yara kuma a ba su wani garin kunu na musamman, mai gyaɗa da madara a ciki, wanda ba shi da yawa.

Malam, haka nake kiransa, mutumin Dogon Dutsi ne kamar ni. Shekara talatin yana koyar da lissafi kafin ya aje aiki. Wani tsohon ɗalibinsa ya bar masa ordinater, injin nan da wasu ke ce wa kwamfuta, shi kuma da tsufansa ya faɗa son wani harshen da ake yi wa injin magana da shi. Na leƙa sau da yawa. Duk baka-baka ne, kamar an yanke farce an watsa a faranti. Da komite ta ce tana neman wanda zai sa injin ya riƙa fitar da kartuna, kafin a rufe baki ya ɗaga hannu.

Mata uku ne suke zama a biron majami'a, wato ofishinta, suna tambayar mutane suna bugawa. Abin da Malam yake so shi ne kowace ta buga gajeren layi ɗaya a kan kowane gida, shi kuma wani abu da ya ƙera, yana kiransa makro, ya ɗauki layin nan ya rubuta wa injin dogon umarnin da kansa.

Na ce, "Ban gane ba."

Ya ce, "Kin tuna mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya? Ke magana uku kike faɗa masa, shi ya cika takarda, da gaisuwa da komai."

Na ce, "Na tuna shi sarai. Shi ne ya rubuta wa yayana cewa yara duk lafiya lau, alhali ɗanmu yana kwance da ƙyanda. Don kawai ban ambata ba."

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ɗan Adam ne, tsohuwa, yana zato. Nawa ba ya zato. Abin da na ce masa shi yake yi."

Wahalarsa ta fara ne daga kalmomi huɗu. Bayan sunan mai gida, a layin ana iya sa manya nawa, yara nawa, ko akwai mai ciki, da kuma unguwa. Kowace da alamarta a gaba, don injin ya san wace ce. Amma ba kullum ake sa dukansu ba. Wata madam takan bar unguwa, wata takan fara da yara, wata da manya. Shi kuma makro sai layi ya yi daidai da siffar da aka nuna masa yake karɓa. Malam ya zauna yana rubuta siffa ga kowane hali: in an sa wannan an bar wancan, in an sa biyu an bar biyu. Yana zaune a inuwar itacen bedi da takarda a cinya, yana ƙirga da yatsu, kamar ba shi ne ya koya wa rabin unguwar nan lissafi ba.

"Sha shida," ya ce mini wata la'asar. "In kuma suka sauya jeri, sittin da biyar. Gobe komite ta ƙara kalma ta biyar, na mutu."

"Ka ce wa matan su riƙa bugawa iri ɗaya mana."

"Ke kin taɓa ce wa matan majami'a su yi abu iri ɗaya?"

Ban taɓa ba.

Sati biyu yana wannan. Ran nan da hantsi ina suyar masa a ƙofar gida, don da ita nake ɗan taimaka wa tukunyarmu, sai ga shi ya fito ba takalmi, tabarau a goshi.

"Tandarki gurbi nawa gare ta?"

"Bakwai. Ka manta ne, ko yau ka fara ganinta?"

"In ƙullu ya rage na gurbi uku kawai, sabuwar tanda kike saye mai gurbi uku?"

"Hauka nake yi?"

"To haukan da na yi sati biyu ina yi ke nan."

Ya ja ni ciki, masata tana ƙonewa. A cikin littafin harshen ya gano cewa ana iya rubuta siffa ɗaya tak, mai gurbi huɗu, a ce wa injin: kowace kalma tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa, ta zo a gaba ko a baya duk ɗaya ne, ta faɗa gurbinta, in ta zo sau biyu ka yi ƙorafi. Ya nuna mini tsofaffin takardunsa uku cike fal, sannan ya sa tafin hannunsa a kan gilashin ya rufe sabon rubutun gaba ɗaya. Bai kai tafin hannu ba.

Na ce, "In gurbin ya zo ba komai fa?"

"Nan ne daɗin. Na riga na gaya masa abin da zai zuba. In ba a faɗi unguwa ba, Bukoki. In ba a faɗi manya ba, mutum ɗaya. In ba a faɗi ciki ba, babu. In ba a faɗi yara ba, sifiri."

Fuskarsa a ranar, ban san yadda zan sa a rubuta ta ba. Irinta na gani ran da aka haifa masa ɗa namiji. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, na koma na kankare baƙar masa. Matan biro ma suka ji daɗi, aiki ya yi sauri, aka buga kartuna, aka yi rabon farko lafiya.

A cikin matan kangon bayanmu akwai wata ƙarama, ba ta wuce shekara ashirin ba, tana zuwa ɗibar ruwa a pomponmu kowace safiya da yarinya a goye. Ba ta da yawan magana. "Ina kwana, Inna," sai ta sa bokiti. Yarinyar za ta yi shekara biyu, amma ban taɓa ganin an sauke ta ta taka ba. Nakan miƙa mata masa, ta riƙe a hannu ba ta ci.

Bayan rabon da kamar sati uku, babbar ƴata, wannan da take rubutu yanzu, ta biyo gida daga likita inda take aikin jinya. Ta ga yarinyar a bakin pompo, ta ce a kwance goyon. Ta duba gashin, ya yi ja ya yi laushi. Ta danna bayan ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ja ni gefe.

"Inna, kunun hatsi zalla ba zai tashe ta ba. Garin nan na majami'a take bukata, kuma kada a ƙara wata guda a haka. Ba sa ba ta ne?"

Na tambayi uwar. Ta ce ita hatsi kawai aka ba ta. Ta ɗauka garin na masu yara da yawa ne. Na ce ta kawo kartin, ta kwance shi daga bakin zane, na kai wa Malam.

Ya karanta. "Manya ɗaya. Yara sifiri." Ya buɗe injin ya nemo layinta. "Suna kawai aka buga. Ba ta faɗi yara ba."

Na koma waje na tsuguna kusa da ita. Na ce a hankali, "Ƴata, ta fari ce?"

Ta kau da kai, ta ja gyale ta rufe baki.

"Ran da aka rubuta ku, su wa ke tsaye tare da ke?"

"Gwaggon maigidana. Da tsofaffin garinmu."

Yarinyar kuma a ranar tana barci, an bar ta a kango. Shi ke nan na gane. Mu a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi, ba ta buɗe baki a gaban manya ta ce nata ne. Kunya ce, da ita aka rene mu. An tambaye ta a gaban surukai, ta sunkuyar da kai. Tsofaffin kuma ba mai karatu a cikinsu, ba su san abin da takarda ta ce ba.

Na shiga na gaya wa Malam. Ya ce, "Amma tambaya ce kawai. Lamba ce za ta faɗa."

Na nuna masa ƴarmu da haɓa, tana tsaye a bakin ƙofa. "Shekara arba'in da wani abu muna tare. Ka taɓa jin na kira sunan wannan?"

Ya dube ni, ya dube ta. Ya cire tabarau ya aje a kan tebur. Sannan ya ce, "Injin bai yi kuskure ba. Ni na ce masa shiru yana nufin babu."

Ranar bai ci tuwo ba.

Talata ce. Rabo na biyu Asabar. Na ce ya gyara layin mana, ai hannunsa ne. Ya ce ba shi da izini. Komite ta rufe rajista tun da aka kama wasu suna aron yaran maƙwabta, kuma an ce ba a ƙara kowa sai dattijon da ke shugabantar rabon ya yarda. Garin an auna shi daidai da yawan yaran da injin ya faɗa. In Asabar ta wuce, sai wani watan. Na fara dama wa yarinyar kunu da ɗan ƙulin gyaɗa daga tukunyarmu, amma mu ma a lokacin sau biyu muke ɗora tukunya, kuma ƴata ta ce wannan riƙo ne kawai, ba magani ba.

Laraba bayan addu'ar yamma komite ta zauna a rumfar majami'a. Malam ya ce in zo in faɗa da bakina. Ban taɓa magana a gaban komite ba. Na sa zanen Lahadi.

Dattijon tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki amma mai son ƙa'ida. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ba kai ka ce mana injin nan ba ya kuskure ba?"

"Ni ne. Kuma ni ne na yi kuskuren."

Madam ɗin da ta buga layin, haifaffiyar birni ce, ta dube ni ta ce, "Maman, wallahi sau biyu na tambaye ta. Ta yi mini shiru. Layi kuwa har bakin titi. Me zan yi, in buɗe bakinta da cokali?"

Na ce, "Ba laifinki ba ne, ƴata. Ko sau goma kika tambaya haka za ta yi."

Wani ya ce to a mai da gurbin yara dole, injin ya ƙi wucewa sai an cika shi. Madam ɗin ta yi dariya. "In ya tsare ni ga mutane a rana, sifiri zan buga masa in wuce. Gaskiya nake faɗa muku."

Dattijon ya ce, "To in ba a faɗa ba, ya riƙa sa yaro ɗaya."

Malam ya girgiza kai. "Zato ne wannan ma, ranka ya daɗe, sai dai ya juya ɗaya gefen. Garin zai tafi gidan da ba yaro, ya yanke wa mai yaro."

"To me kake so?"

"Unguwa in ba a faɗa ba, ya sa Bukoki, ba wanda zai cutu. Amma gurbin yara, in ya zo ba komai, kada ya zuba komai. Ya riƙe shi a matsayin ba a faɗa ba. Kartin hatsin ya fito yadda ya saba, don kada kowa ya rasa Asabar, sunan kuma ya fita a wata takarda dabam, a koma a tambaya."

"Wa zai koma? Kwana biyu ya rage."

Malam ya waiwayo ya dube ni. A gaban mutane. Na ji kunya kamar amarya, amma na ce, "Ni."

Dattijon ya murza carbin makullansa. Ya ce akwai buhu biyu na garin da aka aje don ko-ta-kwana. Ya ba mu zuwa azahar ɗin Juma'a. Wanda muka samu da ƙaramin yaro za a ƙara shi, har inda buhu biyun suka tsaya. Amma ta kangon bayanmu, tun da maƙwabciyarmu ce, shi da kansa zai zo ya gani, kada a ce Malam ya yi son kai.

Alhamis da safe Malam ya zauna gyara. Yana farawa aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Muka zauna a inuwa muna jira, shi yana rubuta abin a bayan ambulan, yana gogewa. Wajen sha ɗaya wuta ta dawo.

Na ce, "Ya koma takarda uku?"

"A'a. Siffar tana nan ɗaya. Na cire sifirin daga gurbin yara, na ƙara layi biyu a ƙasa masu duba ko an faɗa." Ya sa tafin hannu a gilashin, rubutun ya ɗan leƙo ta ƙasan hannun. Ya yi tsaki. "Ya rage kyau."

"Kai ma ka rage kyau, ban mai da kai gidanku ba."

Gurbin ciki ma ya yi masa haka, don na gaya masa mai cikin fari ta fi mai ɗan fari kunya. Da ya sa injin ya sake bin duk layukan, sunayen da suka fito sun cika takarda ɗaya da rabi. Ya riƙe ta yana kallo. Ban san karatu ba, amma na san tsawon takarda.

Muka fita da la'asar, muka sake fita Juma'a tun sanyin safiya. Shi yana karanta suna, yara na unguwa suna nuna mana kangon, ni ina shiga. Shi yakan tsaya a waje. Ban tambayi uwa ko ɗaya ba. Nakan yi sallama, in sha ruwa in akwai, in duba igiyar shanya ko akwai ƴan tsummoki ƙanana. Sai in juya wajen tsohuwar da ke wurin in ce, "Iya, wannan sabon mijin naki mai majina, daga wane ɗaki ya fito?" Ta yi dariya ta ce, "Rabu da shi, bai iya noma ba sai ci," ta nuna ɗakin da baki. In ba tsohuwa, in tambayi maƙwabciya. In fito in ɗaga wa Malam yatsa ɗaya, ya rubuta.

Da yawa ba su da yaran da gaske, tsofaffi ne ko waɗanda suka baro yaran a ƙauye. Wasu sun tashi, ba a san inda suka yi ba. Wasu kuwa irin tamu ne, ɗa ɗaya, na fari.

A wani kango can wajen hanyar unguwar Dar es Salam na sami wata zaune ita kaɗai. Ba shanya, ba tsohuwa. Maƙwabciyarta ta raka ni waje ta ce mini a kunne, yaron ya rasu a hanya kafin su iso Yamai, kwana huɗu kafin a rubuta su. Shi ya sa da aka tambaye ta ba ta amsa ba. Na fito na gaya wa Malam. Yana zaune a kan bulo, gwiwoyinsa sun kumbura, ya ɗora takardar a kai saboda rana.

Ya ce, "Me zan rubuta?"

Na ce, "Yanzu ka rubuta sifiri."

Ya rubuta. Alƙalamin ya huda takardar. Sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe. A titi, da rana, mutane suna wucewa. Bai taɓa dafa ni a waje ba sai ranar. Dakata, ƴata, bari in share fuskata. To, ci gaba.

Ba mu gama takardar ba. Sunaye kaɗan na ƙasa sun rage, matan zumuntar majami'a suka bi su a satin da ya biyo, aka sa su a rabo na uku. Wannan yana damuna har yanzu, don ban san yadda watan ya yi musu ba.

Da azahar ɗin Juma'ar dattijon ya iso a kan mobilet ɗinsa, ƙaramin babur, ya jingine shi a bangonmu, muka zaga baya tare. Matan suka shimfiɗa masa buhu. Uwar tana can gefe ta juya baya, yarinyar tana cinyar gwaggon.

Dattijon ya ce, "Wannan ta wace ce?"

Ba wadda ta amsa. Na dubi gwaggon, na ce, "Yaya, baƙo yana tambaya."

Tsohuwar ta gyara wa yarinyar zama ta ce, "Tamu ce. Jikar wana ce. Uwarta ga ta can, ba za ta faɗa maka ba ko za ka kwana nan."

Dattijon ya durƙusa da ƙyar. Ya kama ƙafar yarinyar ya duba, ya daɗe yana dubawa. Bai ƙara tambaya ba. Ya miƙa hannu Malam ya ba shi takardar, ya sa hannu a kan gwiwarsa. Da zai hau mobilet ya ce, "Malam, wata mai zuwa matarka ce za ta zauna a biro. Kai ka tsaya gida da injinka."

Malam ya ce, "Sai ka biya ta da tsada, ranka ya daɗe. Ni shekara arba'in ban gama biya ba."

Asabar aka ba ta garin. Buhu biyun sun isa, da ɗan saura a gindin na biyu. Ƴata ta zo ta nuna yadda za a dama shi, ruwa-ruwa da farko, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ranar farko yarinyar ta kau da kai. Rana ta biyu ta sha ta amayar. Uwar ta zo pompo idonta ja, na bi ta da ƙaramin ludayi muka zauna tare. Rana ta huɗu ta sha ludayi uku ya zauna.

Daga nan a hankali ne. Kumburin ya sauka, sai ta zama kamar ta ƙara ramewa, na tsorata, ƴata ta ce haka ake so. Malam ba ya shiga kangon, amma kullum in na dawo yakan ɗago daga teburinsa ya ce, "Nawa?" In ce biyar, in ce bakwai. Wata rana na ce masa ta fizge ludayin daga hannuna ta buga mini a hanci. Ya ce, "Madalla. Ta gane ki."

Ruwa ya sauka a kan lokaci a daminar da ta biyo. Aka aiko daga ƙauye cewa mazan sun fara dawowa, a zo shuka. Matan kangon suka ɗaure kaya, suka sami babbar mota da za ta tashi daga tasha da hantsi. Uwar ta shigo yi mana sallama, ta durƙusa ta gaida Malam, ta ce mini, "Inna, mun gode. Allah ya saka." Ba ta ambaci kowa ba. Amma da za ta tashi sai ta kwance goyon ta sauke yarinyar a ƙasa, a tsakar gidanmu, ta yi kamar tana gyara ɗaurin zane.

Yarinyar ta tsaya tana rawa a kan ƙafafunta. Ta dubi Malam, ta dubi kajina. Sannan ta taka, ta bi wata kaza har bakin ƙofa, ta faɗi zaune, ta tashi da kanta ta ci gaba. Uwar tana kallon bango. Sai da gwaggon ta kira daga waje cewa mota ba ta jiran kowa, sannan ta ɗauke ta ta goya, suka fita.